Shekarar da Na Sha Ruwan Citta Don In Rame

Marka ta sauka a Bodinga tun ranar Talata, kwana uku ke nan rana ba ta leƙo ba. Ina zaune gaban keken ɗinkina a bakin ɗaki, zare ya yi danshi yana ta tsinkewa, sai ga ƙanwata Luba, wadda yanzu duniya ke kira Hajiya Luba, ta sauko daga motar ɗanta. Daga Shagari take. Hannu ɗaya ƙunshin riguna, ɗayan kuma fulas.

"Yaya Kulu, rage mani su za ki yi," in ji ta bayan mun gaisa. Ta juya gabana kamar amarya. "Dut sun yi mani yawa."

Na sa awo a ƙugunta. Gaskiya ta faɗa, ta zabge. Kafin in ce komai ta buɗe fulas, ƙamshi ya cika ɗakin.

"Ruwan citta na. Ɗanya za ki samu, ki kankare, ki yanyanka, ki tahwasa, ki matsa lemun tsami. Da sahe kahin ki ci komi. Likita yac ce in rage jiki sabadda gwiwa, in rage maiƙo, in riƙa tahiya, ni kau nih haɗa da wanga. Wata ukku ke nan. Ke ma ki gwada, Yaya."

Wai ni za a koya wa shan ruwan citta don a rame. Na yi murmushi, na ce ban cika son yaji ba. Tsufa ya fara cire mani kunya, don haka zan faɗi abin da na ji: ƙyashi na ji. Lokacin da ƙiba take ado, Luba ce ta samu, ana cewa hutu ya karɓe ta. Yanzu da aka koma yayin rama, ita ce dai a gaba, ana yaba mata. Ni kuwa ƙibata ba a taɓa kiran ta hutu ba, gado ake ce mata. Ta tafi ta bar mani riguna da ƙamshin citta, ƙamshin kuwa ya ɗauke ni ya kai Danchadi, gidanmu, fiye da shekara arba'in baya.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda kaji ke buɗe baki suna haki a gindin rumbu. Baba ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa ya tarar da shi. Ruwan ya zo, sau biyu, gero ya tsiro ya yi kunnuwa, kowa ya ce alhamdu lillahi. Daga nan sama ta rufe bakinta. Hadari zai haɗu a gabas da la'asar, baƙi ƙirin, mu fito da tukwane, iska ta zo ta watsa shi. Kusan sati uku muna haka, har shukar ta ƙone a kan idonmu. Da ruwa ya dawo dole aka sake shuka, irin da aka sake kuwa daga bakinmu aka ɗebe shi, don hatsin da aka ajiye na ci ne Baba ya kai gona.

Wanda bai yi noma ba yana ɗauka yunwa a rani take. Yunwar manomi a tsakiyar damina take, lokacin da duniya ta yi kore shar, gero ya kai ƙugu, kwaɗi na kuka, rumbu kuwa an shiga an share shi da tsintsiya. Baba yakan yi sammako ya yi namu noman, in rana ta ɗaga ya wuce ƙwadago gonar masu hali, ya dawo da yamma da ɗan abin da ya samu a ƙulle a bakin riga. Wata rana rabin tiya na dawa, wata rana dusa, wata rana sannu da zuwa kawai.

Mu huɗu ne a gidan: Baba, Inna, ni mai shekara goma sha uku, sai Luba da ke bi na da shekara biyu. Abin da ya riƙe mana safiya shi ne citta. Inna tana da busasshiya, 'yan yatsu kaɗan, ragowar lokacin da take kunun sayarwa, a ƙulle cikin tsumma a bakin taskira. Da an yi sallar asuba za ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta ƙwanƙwasa yatsa ɗaya da dutsen niƙa ta jefa. Hayaƙi ya tashi, ƙamshi ya tsallake danga. Duk wanda ya bi ta bayan gidanmu zai ce gidan Malam Umaru ana dama kunu. Manufar ke nan. A wurin Inna yunwa da sauƙi a kan a san kana jin ta. Sai da na girma na gane cewa ƙamshin cittar da muke ji daga gidan maƙwabta, muna haɗiyar yawu, su ma ruwa ne zalla a tukunyarsu.

Yatsa ɗaya yakan yi kwana uku. Ranar farko ruwan yana da yaji har ya tsatso maka gumi a goshi, rana ta biyu ya yi sanyin hali, rana ta uku sai dai ka sha da imani. Yana ɗumama ciki, ya yaudare shi zuwa hantsi. Bayan nan yunwar takan dawo da ƙawayenta.

In mun sha, ni da Luba mu ɗauki ƙwarya mu shiga bakin fadama tsinkar tafasa da rama, raɓa na jiƙa mana zane har cinya. Mu dawo Inna ta dafa, ta matse, ta barbaɗa ɗan gishiri da duk garin da aka samu. Da yamma in Baba ya kawo wani abu, a yi fate mai ruwa-ruwa. Inna za ta zuba wa Baba nasa, ta zuba mana namu a ƙwarya ɗaya, ta sa yatsa ta ja layi a tsakiya. Layin nan bai taɓa faɗawa a tsakiyar gaskiya ba. Kullum yana karkata, kullum kuma wajena yake cin ƙasa.

"Ke kina da jiki, Kulu. Bar ma ƙanwarki," haka take cewa.

Jikin nan shi ne masifata. Dangin Baba na biyo, manyan ƙashi, kumatu cike. Ko kwana biyu na yi ban ci ba, fuskata ba ta ba da shaida. Matan bakin rijiya sukan tsunkuli dantsena suna dariya, suna cewa, "Wagga ɗiya yunwa ba ta san ƙohwar gidansu ba." Ni kuwa cikina na murɗawa kamar ana matse wanki. Luba siririya ce tun haihuwa, ga manyan idanu, ga ɗan tari da ba ya rabuwa da ita. Ita ke samun ƙanzon tukunya. In Baba ya tsinto danya ko kanya a hanya, tafin hannunta yake nema. Ba ta taɓa roƙa ba, wannan ya fi komai ba ni haushi. Zama kawai take yi da ƙasusuwan wuyanta a waje, abinci ya bi ta.

Ana cikin haka wani mai sayar da tabarmi da ke bin kasuwanni ya tsaya a ƙofar gida, ya ce yana da saƙo daga Gwaggo Tumba. Gwaggo yayar Baba ce, tana aure a Shagari, tana sana'ar fura da masa a bakin hanya, 'ya'yanta mata duk sun yi aure. Inna ce ta fita zaure ta karɓi saƙon, mu muna bakin fadama. Da yamma ta faɗa wa Baba muna ji: Gwaggo za ta zo nan da sati biyu, za ta ɗauki yarinya ɗaya riƙo. Ba wanda ya yi musu. 'Yar ɗan'uwa ta gwaggo ce, ko ba yunwa in ta miƙa hannu ba a hana ta.

Na taɓa zuwa gidan Gwaggo sau ɗaya da Sallah. Abin da na riƙe a raina shi ne na ga an jiƙa ƙanzo an ba awaki. A gidan nan turmi ba ya hutawa, ƙasan tsakar gida ma ƙamshin gero take yi. Tun daga daren da na ji saƙon ba ni da wani tunani sai Shagari. Kuma na san yadda duniya take raba abinci, tunda na ga yatsan Inna yana jan layi: wanda yunwa ta nuna a jikinsa shi ake ba. Gwaggo za ta shigo, ta dube ni, ta dubi Luba, ta ce a ba ta ramammiyar. Na ga abin a idona tun kafin ya faru, har na ga Luba ta dawo da Sallah da kumatu tana yi mani sannu.

Sai na yanke shawara irin ta mai shekara goma sha uku. Sati biyu gare ni. Zan rame, Luba kuma za ta yi ƙiba.

Washegari da aka ajiye ƙwarya na ci loma biyu na tura mata sauran.

"Yaya, ba ki ci?" ta tambaye ni.

"Cikina ka ciwo. Cinye."

Ta dube ni, ta dubi Inna. Inna tana tsince rama, ba ta ɗago ba. Luba ta sa hannu ta cinye, ni kuma ina ƙirga lomominta ɗaya bayan ɗaya, ina jin kamar in fizge ƙwaryar in kifa mata a ka. Ni na ba ta, kuma ina jin haushin tana ci. Haka muka yi ranar, haka muka yi washegari. Da safe in sha ruwan citta moɗa biyu maimakon ɗaya, tun yana ƙona harshe. In an juye tukunya in tsame dafaffen yatsan in ɓoye a bakin zane, in riƙa tauna shi a gona duk lokacin da cikina ya fara kuka. Na ɗaure ƙugu da igiyar rama a ƙarƙashin zane. Kowace safiya kafin in ɗebi ruwa sai na leƙa randa na duba fuskata, in ga ko kumatun sun fara sauka.

Kwana biyar ba abin da ya canja, har na fara zagin dangin Baba a zuci. A na shida munduwar da ke hannuna, wadda sai da sabulu take fita, ta zame da kanta ta faɗa cikin kunya muna cirar ciyawa. Na yi murna kamar an ba ni kyauta. Marka ta kama a kwanakin, irin wannan ta yau, yayyafi ba dare ba rana, itace ya jiƙe, ɗaki na warin danshi. Sanyi ya riƙa shiga ƙashina. In na sunkuya na ɗago sai gonar ta juya, in dafa kan gero in tsaya har ta daidaita. Luba kuwa ta fara tsalle a kan kunya, tana waƙa. Tarin ma ya ragu.

Wata yamma Baba ya lura. Ya ga na tura ƙwarya, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kulu, Allah shi yi maki albarka. Babba juji na." Na sunkuyar da kai. Shi yana ganin kunya ce, ni kuwa na san abin da ke cikina. Har yau Luba tana tara 'ya'yanta da jikoki ta ba su labarin yadda Yaya Kulu ta hana cikinta ta ciyar da ita a shekarar yunwa, wani lokaci har da hawaye. Ban taɓa gyara mata labarin ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Gwaggo ta iso ranar da ta ce, da hantsi, ta ɗauro ƙunshi a ka, laka har idon sawu. Doguwa ce, mai murya, ba ta iya magana a hankali ba. Inna ta riga ta ɗora tukunyar citta tun da ta ji sallamarta a zaure. Gwaggo ta shigo, ta ja hanci sau ɗaya, ta nufi murhu ta buɗe tukunyar.

"Ku bar wahal da citta," ta ce. "Ni ɗiyar gidan ga ta. Uwarmu ma haka taka yi."

Inna ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Gwaggo ta kwance ƙunshi: gero tiya biyu, ƙuli-ƙuli, gishiri, ɗan manja a kwalba. Ni ina rakuɓe a jikin danga inda haske zai faɗa mani sosai, na saki kafaɗu, na bar zane ya sauka kaɗan don a ga ƙashin wuya. Ba sai na yi wani ƙoƙari ba, ramar ta gaske ce. Gwaggo ta juye rabin tiya a turmi, ta yayyafa ruwa, ko kallon danga ba ta yi ba ta ɗaga murya.

"Ina Kulu? Taso ki surhe muna wanga, a dama ma yara kunu na gaskiya."

Na taso. Surfe aikina ne tun ina shekara tara, nakan yi tiya guda ban tsaya ba, har ina jefa taɓarya sama ina tafi. Ranar na kama ta na ji kamar an canja ta da wata. Na ɗaga, na saki. Na sake ɗagawa. Ƙamshin jiƙaƙƙen gero ya bugi hancina, yawu ya cika mani baki. Ban san ko na kai bugu goma ba. Na dai ga turmin ya yi nisa, muryar Gwaggo ta koma kamar daga cikin rijiya.

Na farfaɗo a kan tabarma, zanena jiƙe da ruwan da aka zuba mani. Abin da na fara ji shi ne sautin daka, a tsaye, ba gargada. Na juya kai. Luba ce a bakin turmi, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, taɓaryar ta fi ta tsawo, amma tana sauke ta daidai. Sati biyu tana cin rabon mutum biyu.

Gwaggo na tsaye a kaina, ta riƙe haɓa.

"Wagga ta anka ce mani tana surhe tiya ba ta huta ba? Mi yas same ta haka?" Ta dafa goshina, ta ja fatar idona ta duba. "Ni mai daka nika nema. Hannuna ya hwara ciwo, hura kau ba ta jira. Amma wa ka raba marar lahiya da uwatai cikin marka?"

"Gwaggo, lahiyata lau," na ce, ina ƙoƙarin tashi. "Na iya. Wallahi na iya. Kwana biyu kawai in ci abinci."

"Zamna, ɗiyata. Ga hatsi nan na bar maki, ki sha kunu ki warke." Ta juya ta kalli Luba ta ɗan jima. "Wagga ƙarama ta, amma tana da zahin nama. Abinci shina gyara ta."

Shi ke nan. Ba a yi wata doguwar magana ba. Baba ya dawo daga gona aka faɗa masa, ya ce Allah shi sa albarka. Inna ta ƙulle wa Luba zanenta ɗaya da ɗan kwalli. Bayan azahar ruwa ya tsagaita, suka shirya don su kama hanya su tari mota. Luba ta durƙusa a gefen tabarmata tana kuka, ta riƙe hannuna.

"Yaya, in nis samu hura ina aiko maki."

Na zare hannuna na juya fuska wajen bango. Baba ya raka su. Ina jin muryar Gwaggo tana gaisawa da mutane har ta ɓace.

Gidan ya rage daga ni sai Inna. Ta ƙarasa dakan, ta tankaɗe, ta ɗauko yatsan citta na ƙarshe a tsumma ta daka shi duka a ciki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ina kwance ina kallon bayanta. Wani abu ya riƙa yi mani kai-kawo, don Gwaggo da ta shigo ba ta tambayi wacce za a ba ta ba. Sunana ta kira.

"Inna, mai tabarmi mi yac ce maki ranar nan?"

Ta ci gaba da dama kunu.

"Cewa yay yi Gwaggo na son babbar. Mai ƙarhin."

"Kin sani ke nan."

"Na sani."

"Kuma kin ga ina ba ta rabona."

"Tun rana ta hwarko nig gani. Na ga igiyar da kinka ɗaura. Na ga cittar da kika tsamewa."

Na tashi zaune. "To don mi ba ki hana ni ba? Kalma guda, Inna. Da kin ce ci abincinki, da yanzu ni ta bisa hanya."

Sai a lokacin ta juyo. Idanunta sun yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne.

"Ke kina kai kaka, Kulu, ko da ruwan zahi. Ita ban tabbata ba. Tarin da taka yi in gari za shi waye, ke ba ki ji, kwana kika yi. Ni ka ji."

Ta juye kunun a ƙwarya, mai kauri, yana tururi, ta ajiye a gabana. Ba ta ja layi ba.

"Sha. Dut naki na."

Na so in ture shi. Na so in ce ta kai wa 'yarta da ta fi so. Amma ƙamshin ya fi ƙarfin fushina. Na ɗauka da hannu biyu na kafa kai, ina sha ina kuka, hawaye na gangarawa cikin ƙwaryar, har na sa yatsa na suɗe gefenta. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Sati biyar bayan haka gero ya nuna. Baba ya karyo kai uku na farko, Inna ta gasa mana tumu, na murza a tafin hannu na hure na watsa a baki. Na kai kaka, kamar yadda ta ce. Luba ba ta sake zama a Danchadi ba sai dai ta zo baƙunta. Gwaggo ta sa ta makaranta, tarin ya rabu da ita, a can ta yi aure. Inna ta rasu shekaru da yawa yanzu, kuma tun daga ranar nan nake juya lissafin da ta yi a kanmu, ina neman inda ta yi kuskure don in samu abin riƙewa. Har yau ban samu ba.